Ɗinkin Ƙarƙashin Ƙasa

Ranar Talata suka ja farin layi
daga Ƙofar Doka har bakin rumfata,
kamar yadda nake zana aska a ƙirjin riga
kafin in ɗauki allura.
Na ce, to, su ma maɗinka ne,
sai dai rigarsu ta fi tawa faɗi.

Kashegari diga ta fara magana.
Samari goma sha biyu, da shebur da kwanon sarki,
suka farke gefen titi kamar tsohon ɗinki.
Jar ƙasa ta taru a ƙofata har gwiwa,
aka gitta mini katako ɗaya, aka ce ga gada.
Alhaji Dalhatu ya zo karɓar rigarsa,
ya dubi ramin, ya dubi katakon, ya dubi tumbinsa,
ya ce in aika masa da ita gida.

A kwana na huɗu digar Tanimu ta sami bututu.
Shekara bakwai famfon layinmu bai ko yi tari ba,
ashe ruwan yana bi ta ƙarƙashinmu shiru,
yana zuwa inda aka fi mu gata.
Ya yi tsiri har ya wuce kan katanga.
Yara suka fito da bokitai suna ihu,
'yan garuwa suka tsaya kallo, fuska a murtuke.

Sai ga injiniya, Rumasa'u sunanta,
hular kwano bisa mayafi, takalmi duk taɓo.
Ta shimfiɗa taswira a kan tabarmata,
ta ce a takarda babu bututu a nan.
Na ce, 'yata, takarda ba ta jiƙa,
amma dubi ƙafarki.
Ta yi dariya, ta aika Sabon Gari
a ɗauko Baba Dogara, tsohon ma'aikacin ruwa,
wanda ya bar aiki da taswirar garin a kansa.
Ya sauko daga babur yana dungurin ƙasa da sanda:
nan akwai, nan babu,
nan mun karkata shi saboda rijiyar gidan Liman.
Tana biye da shi da biro, tana gyara layinta.

Ranar da naɗin waya ya iso,
a gangar katako da ta fi ni tsawo,
na roƙe ta in ga abin da ake wa wannan wahala.
Ta feɗe baƙar roba, ta feɗe wata a ciki,
ta ɗora mini shi a tafin hannu:
zaren gilashi, kamar silin gashi.
Shekara arba'in ina zura zare a kafar allura,
wannan sai da na laluɓo tabarau.

Ta ce haske ne ke gudu a cikinsa,
ɗauke da murya, da karatun ɗaliban Kongo,
da hoton ƙirjin majinyaci zuwa Shika.
In ya tsinke ba a ƙulla shi,
sai a narka baki biyu su haɗu daidai,
in ya goce kaɗan, hasken ya ɓace.
Na ce, a wurinmu ma
mai gaggawa ba ya gama aska takwas.

Sun cike ramin sun wuce Tudun Wada.
Ruwan farko ya sauko, tabon ya lotsa,
sai da muka zuba ɓaraguzai da kanmu.

Yanzu ɗana Shu'aibu kan ɗauki hoton riga,
kafin in shanye shayina
wani a Yamai ya gani ya taya.
Ɗinkina a ƙirji yake, ana gani a yaba.
Nata yana kwance ƙarƙashin tayar mota,
ba mai tuna ta sai ranar da ya tsinke.

Kafin ta tafi na yi mata maganar famfo.
Ta rubuta a littafinta, na ga ta ja layi biyu.
Har yau dai bai yi tari ba.
Amma na san inda ruwan yake bi:
taku uku daga ƙofata,
kamu biyu ƙasa da hasken.